Gonakin Bakin Birni

Jama'a, karatunmu na yau a kan gona ne da gari. Kowa ya san Birnin Kebbi tana girma. Dattawan Ambursa da na Zauro sun san lokacin da mutum zai fito daga birni ya yi ta ratsa gonakin gero har ya gaji bai ga gida ko ɗaya ba. Yanzu kuwa gini ya bi hanya. Gwadangaji ta zama kamar unguwa cikin birni, ga ofisoshin Gwamnati a can. Mu nan Ambursa, ga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello a ƙasarmu.

Ambursa ba baƙuwar sarauta ba ce. Sarakunan Gwandu sun zauna a nan kafin a mai da mazauninsu Birnin Kebbi a 1906. Amma girman birnin na sosai ya soma ne daga ran 27 ga Agusta 1991. A ranar aka yanke Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato, aka ce Birnin Kebbi ce babban birninta. Ma'aikata suka zo da iyalinsu. 'Yan kasuwa suka biyo su. Aka gina makarantu da asibitoci. Da aka yi ƙidaya a 2006, mutanen ƙaramar hukumar Birnin Kebbi sun haura 260,000. Tun daga nan kuwa ba a daina haihuwa ba, ba a daina zuwa ba.

To, duk waɗannan bakuna ne. Kowane baki yana son abinci safe da dare. Akawu ba ya noma. Ɗan sanda ba ya noma. Ɗan makarantar da ya zo daga Zuru ko Yawuri bai zo da rumbu ba. Dole wani ya noma musu. Saboda haka Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomi suke ta shirin yadda za a ƙara noman abinci a gonakin da ke kewaye da birni, tun daga Birnin Kebbi har Argungu. Gonakin nan kuwa naku ne. Ya kamata ku san yadda shirin yake, da abin da aka gwada a baya, da inda aka yi tuntuɓe.

Me ya sa gonar kusa ta fi?

Wani zai ce, ai akwai mota. In gonakin kusa sun ƙare, sai a ɗauko abinci daga nesa. Haka ne, ana iya ɗauko gero da dawa daga ko'ina, don hatsi ba ya lalacewa a hanya. Amma ku duba kayan miya. Alayyafon da aka yanka da asuba, in ya kai la'asar ya yi yaushi. Tumatirin da ya kwana biyu cikin kwando a bayan mota, na ƙasa duk ya fashe. Haka latas, haka kuɓewa ɗanya, haka nono da ɗanyen kifi. Irin wannan abinci yana son gajeriyar hanya.

Tsakanin Ambursa da kasuwar Birnin Kebbi kamar mil 10 ne. Mai lambu zai tsinki kayansa bayan sallar asuba, ya ɗaure a babur, kafin hantsi ya sayar ya dawo. Kuɗin mota kaɗan ya biya. Bai kwana a tasha ba. Dillali ɗaya ya shiga tsakaninsa da mai saye, ko ma babu ko ɗaya. Wanda ya ɗauko nasa daga uwa duniya ba zai iya karya shi a farashi ba. Wannan ita ce ribar zama kusa da birni, kuma ba kowane manomi Allah ya ba ita ba.

Mutanen dā sun san wannan. Da Kanawa suka gina ganuwarsu, sun bar fili mai yawa a ciki ba gida, don a yi noma ko da maƙiya sun kewaye gari. A wajen ganuwa kuma, manoman ƙauyukan kusa sukan kawo itace da hatsi birni a kan jakuna, su koma da takin gari cike da mangala. Gari ya ci daga gona, gona ta ci daga gari. Da haka suka yi ta noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, ba ta mutu ba. Turawan Ingila ma, da suka ga London tana cinye karkara, sai suka yi doka a 1938, suka keɓe fili kewaye da birnin don kada gini ya cinye shi. Har yanzu akwai gonaki a cikin filin nan.

Ƙasa iri biyu

Ƙasarmu iri biyu ce, kun fi kowa sani. Akwai tudu, akwai fadama. Tudu yashi ne, ruwan sama kaɗai yake sha, wata huɗu ko abin da ya yi kusa. Nan ake gero da dawa da wake. Fadama laka ce. Gulbin Rima yana haɗuwa da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, su gangaro tare ta Argungu, su wuce ta gefenmu, su bi ta Birnin Kebbi har su faɗa Kwara. Kowace shekara, wajen Agusta da Satumba, ruwa yakan cika ya malala, ya bar sabuwar laka. Kakanninmu suna da irin shinkafarsu mai bin ruwa. In ruwa ya hau, ita ma ta hau, ba ta nutsewa. Ba ta ba da yawa, amma ba ta cika kunyata mai ita ba.

Ku riƙe wannan rabo a ranku, domin a nan maganar take. Kusan duk shirin da Gwamnati ta yi, a kan fadama ta yi shi. Gini kuwa tudu yake ci.

Manyan ayyuka

Tun zamanin En'e aka soma. A farkon shekarun 1950 an kawo motocin noma Lardin Sakkwato, suna kafce fadama, manomi ya biya kuɗin kowace eka. Laka mai tauri ce, fartanya tana shan wuya a kanta, saboda haka mutane sun yi murna. Amma mota tana son mai, tana son makaniki, tana son kayan gyara daga Turai. Aikin bai ɗore yadda aka so ba.

Daga baya sai aka ce a kama ruwan da kansa. Aka gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, aka gama a 1978. Aka gina ta Goronyo a kan Rima, aka gama a 1984. Nufin shi ne a tare ruwan damina a riƙa sakinsa da rani. Nufi mai kyau ne. Amma a Bakolori an karɓe gonakin mutane shekara da shekaru ana baje su da manyan injuna, ba su noma, diyya kuma ba ta zo daidai ba. Manoma suka tare hanyoyi. A watan Afrilu 1980 aka turo 'yan sanda, aka kashe mutane da dama. Waɗanda ke ƙasa da madatsar kuma suka ga ruwan da ya saba cika musu fadama ya ragu, shinkafa ta ja baya a wurare da yawa. Labarin Bakolori ya bazu ko'ina cikin ƙasar Sakkwato, kuma manoma ba su manta ba.

Yanzu mu zo gida. Kun sha jin ana cewa aikin Zauro. Ga asalinsa. Tun 1969 aka kawo shawarar a gina doguwar ganuwar ƙasa a gefen gulbi tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, ta hana ambaliya shiga fadama. Sa'an nan a haƙa magudanai a ciki, a riƙa ba gonaki ruwa gwargwadon bukata, damina da rani. Filin da aka yi niyya ya haura hekta 10,000. Hekta ɗaya ita ce fili mai mita 100 a tsawo, mita 100 a faɗi, watau kamar eka biyu da rabi. Ku kwatanta girman abin. Aka ce za a noma shinkafa da masara da alkama da albasa da tumatir da dankali.

A 1982 aka yi ɗan gwaji na hekta 100. A nan abin ya tsaya. Gwamnatoci suka zo suka wuce, kowace ta ɗauko takardun ta kaɗe musu ƙura ta mayar. A 2008, zamanin marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka sake tayar da maganar, sai manoman wurin suka ƙi. Tsoronsu kada a karɓe gonakin gado a sake rabo, mai eka biyar ya tashi da biyu, baƙo mai kuɗi ya tashi da hamsin. Wasu suka ce jahilci ne. Ni ban ga jahilci a nan ba. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ai dole ya shafa wa nasa ruwa. Har yau babbar ganuwar nan ba a gina ta ba.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tambaya ba in ana irin wannan shiri. Masunta suna rayuwa ne da ambaliya, don a cikin ruwan da ya malala kifi yake hayayyafa. In an hana ruwa malala, kifin da ake alfahari da shi a Matan Fada daga ina zai fito? Fulani kuma da rani fadama ce makiyayarsu. In an noma ta kaf har bakin ruwa, ba burtali ba mashaya, to, an shuka rigima tare da shinkafa.

Ƙaramin abin da ya yi aiki

Abin da ya sāke fuskar fadamarmu ƙaramin abu ne. Bututu ne da inji.

Masana sun lura a ƙarƙashin lakar fadama akwai yashi mai riƙe da ruwa, kuma ruwan ba shi da nisa. In an cusa bututu ƙasa, aka haɗa shi da ƙaramin injin fetur, ruwa zai fito ya ba da gona ɗaya ko biyu. Dā da jigo ake ɗiban ruwa, mutum ya wuni yana ja bai shayar da rabin eka ba. Tun a shekarun 1980 aka soma gwada injunan nan. A 1993 Gwamnatin Tarayya da Bankin Duniya suka soma Shirin Fadama, Jihar Kebbi tana cikin na farko. Hukumar raya aikin gona ta jiha, wadda kuka sani da KARDA, ita ta riƙa haƙa rijiyoyin tana sayar da injuna da rahusa. Aka yi kashi na biyu daga 2004, na uku kuma ya biyo baya.

Don me wannan ya karɓu, wancan ya ƙi? Don ba a taɓa iyakar gonar kowa ba. Manomi yana nan a gonar ubansa. Shi zai ce yau a ba ruwa, gobe a bari. In inji ya lalace, ga makaniki a kasuwa. In ya ga maƙwabcinsa ya samu, shi ma ya sayar da akuya ya saya, ba sai an yi masa shela ba. Da haka noman rani ya cika fadama. Wurin da dā in an girbe shinkafar damina sai shanu, yanzu a watan Maris kore ne shar.

Iri ma ya sāke. Shinkafar da ake kira FARO 44 ta fito ne ta hannun cibiyar binciken hatsi ta Badeggi, kusa da Bida, wadda ke da reshe a Birnin Kebbi. Cikin wata huɗu take nuna. Amma tana son taki, tana son ruwa daidai, kuma ba ta bin ambaliya kamar ta kakanninmu. In ruwa ya rufe ta kwanaki da yawa, ta tafi.

Shekarun bashi

Ran 17 ga Nuwamba 2015 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Jihar Kebbi ya buɗe wani shiri na Babban Bankin Nijeriya, wanda a Turance ake kira Anchor Borrowers. Lokacin Abubakar Atiku Bagudu ne Gwamna. Yadda aka tsara shi ke nan: manoma su haɗa ƙungiya, a ba su bashin iri da taki da magani da injin ruwa, ruwan bashin kashi 9 cikin 100. In sun girbe, su kai shanshera wa babban kamfanin casa da aka ɗaura su da shi, a cire bashin, a ba su saura.

Shinkafa ta yi kasuwa. A 2016 Jihar Legas ta ƙulla yarjejeniya da Jihar Kebbi, mu noma su saya. Aka sa wa shinkafar suna LAKE, watau an ɗauki farkon sunan Legas yadda Turawa ke rubuta shi, an haɗa da farkon sunan Kebbi. A watan Disamba na shekarar aka fito da ita a Legas, buhu mai kilo 50 a kan naira 12,000. A 2017 aka buɗe babbar masana'antar casa ta WACOT a Argungu, wadda aka gina don ta iya cashe tan 120,000 a shekara. Ga kuma ta Labana a Birnin Kebbi. Mutane da yawa sun gina gida, sun aurar da 'ya'ya, wasu sun sauke farali, duk da kuɗin shinkafa. Wannan gaskiya ne, idonmu ya gani.

Amma akwai ɗaya gefen. Wasu sun karɓi bashin ba su da ko taƙi ɗaya a fadama. Wasu sun ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa, ba su yi niyyar biya ba. Wasu kuwa sun yi niyya, ruwa ya hana. A 2010, da ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ambaliya ta ci gonaki da gidaje a kwarin nan. A 2020 aka sake yin wata babba, ta cinye shinkafar damina ana gab da girbi. Ga jan-baki, tsuntsun da in ya sauka a gona da safe, kafin azahar sai kara. Bashi mai yawa bai dawo ba, kuma a ƙarshen 2023 Babban Banki ya daina ba da sabo.

Sai kuma fetur. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin mai. Litar da ake saye kamar naira 190 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Inji kuwa ba ya shan ruwa, fetur yake sha. Manoma da yawa suka rage gona. Gwamnatin Nasir Idris ta raba injuna masu aiki da hasken rana, wasu manoma kuma suka mai da nasu masu aiki da gas. Injin rana yana da tsada wajen saye, amma in ka saya, rana ba ta kawo maka takardar biya. A 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafa. Mai saye ya ji sauƙi. Manomi kuwa a 2025 ya ga farashin shanshera ya faɗi, taki bai faɗi ba.

Abin lura a nan, farashin shinkafa ba a Ambursa ake yanke shi ba. A Abuja ake yanke shi, da tashar jiragen ruwa ta Legas, da ƙasashe irin su Indiya da Tailan. Farashin alayyafo da yakuwa da tattasai kuwa, tsakaninku ne da matan Birnin Kebbi. Ba jirgin ruwan da zai kawo ɗanyen alayyafo daga Indiya. Manomin da ke bakin birni, in ya zuba duk gonarsa shinkafa, ya yar da ribar kusancin da yake da ita. Ko kashi ɗaya cikin huɗu ya ware wa lambu, zai riƙa ganin kuɗi kowane mako, ba sai ya jira wata huɗu ba.

Tudu da fuloti

Yanzu mu hau tudu, inda ba a cika yin taro a kansa ba.

Shinkafa ta sayarwa ce a gidaje da yawa. Abin da ke riƙe gida daga kaka zuwa kaka gero ne da dawa da wake. Da su ake fura, da su ake tuwo, karansu ake ba dabba, ake danni. Duk a tudu suke. Tudun kuwa shi mai gini yake so, don ruwa ba ya kwanciya a kansa.

Ga yadda abin ke faruwa. Dillalin filaye ya zo ya taya gona. Ya kira kuɗin da mai gona bai taɓa riƙewa ba. In an sallama, ya kawo igiya ya yanka ta fuloti-fuloti, kowane ƙafa 50 da 100. Hekta ɗaya, in an fitar da hanyoyi, takan ba da fuloti kamar 15. Ya sayar da uku ko huɗu ya mai da kuɗinsa, saura riba. Sau da yawa kuma ba a gina filin nan da nan. Sai a kafa duwatsu a kusurwa a bar shi shekara biyar ko goma ana jiran ya yi tsada. Ba gida, ba gero. Ciyawa da leda kaɗai.

Ban ce kada kowa ya sayar da gona ba. Akwai ciwo, akwai bashi, akwai rabon gado da ba ya yiwuwa sai an sayar. Birni kuma dole ya sami wurin zama. Amma a yi lissafi tukuna. Mu ce gonarka tana ba ka dami 60 na gero a shekara, ban da wake da harawa. A shekara 10 dami 600 ke nan, gonar kuma tana nan, ta ma ƙara daraja. Kuɗin sayarwa kuwa sau ɗaya ake ƙirga su. In an sayi babur, an yi biki, an gyara ɗaki, shekara biyu sai labari. Daga nan mai rumbu ya koma mai awo a kasuwa. In kuɗi ake bukata na ɗan lokaci, akwai haya, akwai jingina a gaban shaidu. Duka biyu suna barin hanyar dawowa.

Abin da doka ta ce

A 1978 aka yi Dokar Amfani da Ƙasa. Ta ce duk ƙasar jiha tana hannun Gwamna, amana ce yake riƙe wa jama'a. Ta raba ƙasa biyu. Wadda aka ce ta birni ce, Gwamna ke ba da takardarta. Wadda ba ta birni ba, ƙaramar hukuma ke ba da izinin riƙonta bisa al'ada. Gwamna ne kuma ke da ikon cewa daga nan zuwa nan birni ne. Saboda haka gona tana iya shiga cikin birni a takarda tun gini bai iso ta ba.

Dokar ta ba Gwamnati ikon karɓar fili don amfanin jama'a, kamar hanya ko makaranta ko asibiti. In an karɓa, ana biyan diyya. Amma ku lura da kyau, diyyar ta abin da ke kan ƙasa ce: amfanin gona, itatuwa, rijiya, gini. Ba a biyan kuɗin ƙasar kanta. Gona mai mangwaro da gwaiba da rijiya da shinge, in an zo ƙiyasi, ta fi gonar da ba kome a kanta sai kututturen gero. In kuma ƙaramar hukuma ce ta karɓi gonar da ake nomawa, dokar ta ce ta ba mai ita wata a madadinta. Mutane da yawa ba su san wannan ba, don haka ba su tambaya.

Wannan iko da Gwamnati ke da shi yana iya yanka ta kowane gefe. Alƙalamin da ke cewa nan za a yi rukunin gidaje, shi ne kuma zai iya cewa nan gona ce, ba za a ba da izinin gini ba. A ganina shirin ƙara abinci kusa da birni daga nan ya kamata ya soma, tun kafin rabon taki da inji. A zauna da taswira. A ce gefen fadama duka na noma ne, don wanda ya gina a nan ma ruwa zai kore shi. A zaɓi tudu mai kyau a ce wannan na hatsi ne. A tura gini wajen fako da tsakuwa inda shuka ba ta yi. A fitar da burtali da mashaya a kafa musu alama. In ba a yi haka ba, za a wayi gari ana raba injin ban ruwa ga mutanen da ba su da inda za su kafa shi.

In ma'aikata sun zo

Irin wannan taswira ba ta yin kyau in a ofis kaɗai aka zana ta. Ku kuka san inda ruwa ya tsaya a 2010 da 2020. Ku kuka san tsohon burtali, da gonar marayu, da wadda ke hannun jingina. In an kira taro a ƙofar hakimi ko ta uban ƙasa, ku je. Ku tafi da matan da ke gumin shinkafa da masu sayar da kayan miya, don su ma shirin ya shafe su. A kira Sarkin Ruwa, a kira Arɗo.

Ku yi tambaya, ba rashin kunya ba ne. Gonar za ta zauna a hannuna, ko za a sake rabo? In za a yi aiki a cikinta, damina nawa zan yi ban noma ba, wa zai ci da iyalina a lokacin? Abin da za a ba ni kyauta ne ko bashi? In bashi ne, nawa zan biya, yaushe, kuma in ruwa ya ci gonar ina muka tsaya? Wa zai sayi amfanin, a kan nawa? In an kawo takarda, kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa sai kun karanta, ko wanda kuka amince da shi ya karanta muku ita tun daga sama har ƙasa. Ku nemi a ba ku kwafi ku ajiye.

Tun kafin kowa ya zo ma, akwai abin da mutum zai yi wa kansa. Ya zagaya gonarsa da maƙwabtansa na gabas da yamma da kudu da arewa, a gaban mai unguwa, a tabbatar da iyaka. A rubuta sunayensu da ranar da aka yi. Ya kai takardar ofishin filaye na ƙaramar hukuma ya nemi shaidar riƙo. A kan iyakar kuma ya dasa itace, ko zogale ko dabino ko mangwaro. Farkon damina ne lokacin dashe, sa'ad da ƙasa ta jiƙu sosai, kuma a kewaye kowane da ƙaya saboda awaki.